Inna da Jirgin da Ya Fasa Mata Ƙwarya

Unguwar Shanu, kafin asuba

Mun tashi tun ladan bai yi kiran farko ba, ko da yake inda za mu bai kai a yi masa sammako ba. Mai ƙafa ma zai iya zuwa ya dawo kafin azahar. Inna ce ta ce duk tafiyar da aka ambaci jirgi a cikinta ba a fara ta da rana a ka.

Inna surukata ce, mahaifiyar maigidana. Bana Allah ya hore masa ya biya mata kujerar Makka, bayan shekaru yana tari daga albashin tuƙin motar ofis. An yi fasfo, an yi allura, an karɓo atamfar alhazai har an ɗinka, sai Inna ta ce ita ba za ta hau jirgi ba. Ba shi ta faɗa wa ba, don shi ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in kuma magana ta kama dole sai ta fuskanci bango ko randa ta yi ta, ni in ɗauka in miƙa masa, alhali yana tsaye yana ji. Haka muka yi wata guda. Ta ce in faɗa wa mutumin nan ya nemo mota. Ya ce in faɗa mata teku ce a tsakani. Ta ce in faɗa masa kakarta da ƙafa ta je. Ya ce in faɗa mata kakar tata ba ta dawo ba. Wannan kam ban miƙa ba, a bakina na bar shi.

Ana cikin haka jami'in alhazai ya aiko cewa duk wanda bai halarci bitar ƙarshe ba za a ba wani kujerarsa. Maigida ya daina cin abinci. Sai ya zauna ya yi ta juya cokali a cikin miya kamar mai neman allura.

Maƙwabciyarmu Maman Joy ce ta kawo shawara. Mijinta sojan sama ne. Ta ce akwai wani fili a barikinsu inda aka ajiye tsofaffin jirage, har yaran makaranta ana kai wa. Ta ce abin da mutum bai taɓa taɓawa ba shi yake tsoro, mu kai Inna ta ga jirgi a tsaye, ta shafa shi da hannunta. Mijin ya bar mana sallahu a bakin ƙofa. Ban tambayi ko jiragen mene ne ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Inna ta yarda za ta, amma ba ta yarda da mu ba. A ganinta dabara ce: a zaunar da ita, a rufe ƙofa, sai dai ta farka a Jidda. Don haka kafin in gama dama koko ta riga ta ƙwanƙwasa ƙofa huɗu tana neman gafara. Ta ba Talatu mai waina babbar tukunyarta ta biki, wadda ko aro ba ta bayarwa sai da shaidu. Ta haɗa guzuri: dambun nama a gwangwani, garin kunu, buta, darduma, da wani ƙunshi da ta hana ni taɓawa. Maigida ya tsaya a zaure ya ce wa iska a dawo lafiya. Inna ta ce wa ƙyauren ƙofa amin.

Kawo

Mun sami Keke a bakin titi. Direban Bakatsine ne, yaro mai fara'a, irin waɗanda bakinsu ba ya hutawa. Da ya ji inda za mu sai ya ce ai shi ko kyauta aka ba shi jirgi ba zai hau ba, ya fara ba mu labarin wani da ya gani a waya, yadda ya yi ta juyi a sama kamar ganye. Na yi tari. Na sake yin tari. Ya waiwayo ya ce, “Hajiya, mura ce? Akwai mai citta a gaba.” Inna ta ce in bar yaro ya yi magana, shi kaɗai ne mai gaskiya a tafiyar nan.

Muna isa Kawo, inda ya kamata mu karkata hagu, Inna ta daki ƙarfen Keke da sandarta ta ce a tsaya. Ba za ta bar duniya ba ta yi sallama da ƙanwarta Goggo Hanne ba, ita kuwa Goggo Hanne a Rigachikun take. Na ce Inna ai da yamma za mu dawo. Ta dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya ce ya ƙirga taurari. Na biya mai Keke, muka shiga tasha.

Motar da muka samu sai in ce Allah ne kawai yake tafe da ita. Ƙofar da igiya aka ɗaure ta, kwandasta yana riƙe da bakin igiyar a hannu ɗaya, kuɗi a ɗaya. A ƙarƙashin ƙafata akwai huda, ina ganin kwalta tana gudu. Sai da fasinjoji uku suka tura kafin ta tashi, suka biyo ta da gudu suka faɗo ciki. Ni ina ta salati a zuci. Inna kuwa ta miƙe ƙafa a kan buhun masara, kazar wata mata ta kwanta a kan takalminta, ta yi gyangyaɗinta cikin kwanciyar hankali har muka isa.

Rigachikun

Mun tarar da Goggo Hanne tana shara. Da Inna ta ce ta zo neman gafara ne, jirgi za a kai ta, sai Goggo ta saki tsintsiya suka rungume juna suna kuka. Na yi ta bayani cewa jirgin ba ya tashi, kallo kawai za mu. Goggo ta share hawaye ta ce haka ake ce musu duka. Ta kawo ɗumamen tuwon masara da miyar kuka da man shanu, muka ci, don kuka bai hana kowa cin ɗumame ba.

Da Inna ta zaga bayan gida, Goggo ta matso ta ba ni labarin da shekara ashirin ina gidan ban taɓa ji ba. Ta ce lokacin yaƙin basasa suna yara a garin nan. Wata rana uwarsu ta aiki Inna ta kai wa babansu fura gona, a cikin ƙwaryar da uwar ta zo da ita gidan aure, mai zane, wadda ba a taɓa ta sai da dalili. Tana tsakiyar dawa sai ga jirgi ya taso ƙasa-ƙasa, har kan dawa yana kwantawa, ƙararsa kamar sama ta tsage. Inna ta saki ƙwarya ta faɗa tsakanin kunyoyin gona ta kwanta, ba ta fito ba sai da aka biyo sawu da yamma. Uwarsu ta fara tambayar ƙwarya kafin ta tambayi ko yarinya na da rai, kuma ta sha duka biyu, na ƙwarya da na furar da babansu bai sha ba.

Sai a lokacin na gane wani abu. Tun zuwana gidan, duk sanda jirgi ya wuce ta kan unguwarmu, kuma kun san yadda suke wucewa, Inna takan tashi ta shige ɗaki. Ni duk zatona ciwon mara ne, har jiƙo na sha haɗa mata.

Goggo ta ba mu gyaɗa da ɗanyen rogo, ta ce wa Inna in an haɗu da iyaye a gaishe su. Muka sake hawa mota, Allah ya sa wannan tana da ƙofa.

Ƙofar bariki

Hantsi ya ɗaga sosai muka sauka ta wajen Mando, muka ƙarasa da ƙafa. Sojan da ke bakin ƙofa ya gaishe da Inna da ladabi, ya duba ya ga an bar sallahunmu, sannan ya ce sai an buɗe jaka. Ya ga buta, ya ga darduma. Ya buɗe gwangwanin dambu, Inna ta ce ya ɗanɗana don ya tabbatar ba harsashi ba ne, ya ɗanɗana, ya sake tabbatarwa. Da ya zo kan ƙunshin nan ya warware, sai ga farin yadi sabo, an ninke shi da turare. Likkafani ne.

Ya dubi yadin, ya dubi Inna. Ya ce, “Mama, ina aka ce miki za a kai ki?”

Ta ce, “Ku da kuka haɗa baki da su, ku kuka sani.”

Ya ninke mata shi da hannu biyu ya mayar, ya ce insha Allahu da shi za ta koma gida. Sannan ya kira wanda zai zaga da mu, Sajan Danladi, dattijo gajere mai furfura a gefen kai. Ya ce mana tun yana saurayi yake aiki a gindin injin jirgi, don haka kunnensa ya yi nauyi, mu ɗaga murya. Shi kam tasa a ɗage take, in ya yi magana har tsuntsaye suna tashi daga kan darbejiya.

Filin jirage

Abin da na zana a raina shi ne farin jirgi mai tagogi a jere, irin na kalandar alhazai. Muna shan kwana sai na ga ba haka ba ne. Jiragen yaƙi ne. Masu launin ganye da ƙasa, wani babu fiffike ɗaya, wani jikinsa duk huda kamar matankaɗi, can gefe kuma an ɗora wani murɗaɗɗen inji a kan dakalin siminti kamar abin ado. Na kawo matar da ke tsoron jirgi, na kawo ta maƙabartar jirage.

Sajan Danladi kuwa yana son aikinsa. Ya shafa na farko ya ce wannan an harbe shi a ciki amma ya lallaɓo ya dawo. Na biyu ya ce tayarsa ta ƙi fitowa, da ciki ya sauka, ya yi noma a fili. Na matsa kusa da shi na ce a hankali, don Allah ranka ya daɗe, a bar zancen faɗuwa, tsohuwar nan Makka za ta. Ya kara hannu a kunne, na maimaita. Sai ya ɗaga murya yadda har sojan bakin ƙofa zai ji: “Kin ce kada in faɗa mata waɗanda suka faɗo? To ai sai mu tsallake layin nan gaba ɗaya.”

Carbin Inna ya ƙara gudu. Ni kuwa na fara tunanin yadda zan dubi maigida da yamma.

Muna tsallake layin ne ta tsaya cak. A gabanta akwai wani ɗan jirgi mai fiffike a kwance baya, hancinsa a buɗe kamar bakin tarwaɗa. Tayoyinsa sun sace, ƙadangaru biyu suna shan rana a kansa, tsuntsu ya yi sheƙa a cikin bakin. Ta zaga shi a hankali tana dogara sanda. Ta dawo gabansa ta tsaya.

Ta ce, “Kai ne.”

Sajan ya ce irinsa suna da yawa a lokacin, ba za a iya cewa shi ne ba. Inna ta ce wanda ya sha duka shi ya san mai laifi. Ta ɗaga sanda ta sauke wa tayar, ƙadangaru suka watse. Ta faɗa masa duk abin da ta riƙe tun tana yarinya: ƙwaryar uwarta mai zane, furar babanta, dukan da ta sha, da cewa duk faɗin sama bai ishe shi ba sai kan dawar mutane. Ba ta ɗaga murya ba, yadda take yi wa jikoki faɗa haka ta yi masa. Da Sajan ya fahimci zancen sai ya ce ai wannan namu ne, ba na abokan gaba ba, daga filin nan yake tashi. Inna ta ce to madalla, ashe masu biya suna kusa. Sajan ya haɗe ƙafa ya ƙame ya sara mata, ya ce a madadin duk wanda ya taɓa sa kakin nan yana ba da haƙuri. Ta ce ta ji, za ta yi tunani.

Sannan ta ja baya ta sake auna shi da ido. Ta ce mini ita a ranta ya kai girman kasuwar Kawo, ashe ko motar yashi bai kai ba. Akwai ɗan tsani a jikinsa, ta ce in hau in leƙa in faɗa mata abin da ke ciki. Na tattare zani na hau. Na ce Inna kujera ce guda ɗaya, ko ta tsakar gida ta fi ta faɗi, fatarta duk ta goge. Ta ce kujerar wa? Na ce ta mai tuƙi. Ta ce, “Da mutum a ciki?” Duk shekarun nan ashe ba ta taɓa kawo wa ranta cewa ɗan wani ne a zaune a cikin abin ba.

A ƙarshen fili akwai wani babba na ɗaukar sojoji da kaya, ana shiga. Inna ba ta taka matakala ba sai da Sajan ya nuna mata ramin da aka cire injin, da sarƙar da aka ɗaure tayoyi da ita a siminti. Ta ja sarƙar da kanta. Ta ce ni in fara shiga, Sajan kuma ya tsaya a waje inda take ganin hannuwansa. A ciki bencin tamfol ne a jere gefe da gefe. Ta zauna, ta buga ƙasa da sanda ba ta ga huda ba, ta duba ƙofa ba ta ga igiya ba. Ta ce gaskiya ya fi motar Rigachikun. Zuciyata ta yi sanyi, har na fara shirya albishir. Muka sauko, ta gyara mayafi ta ce, “To, na gani, na taɓa. Ba zan hau ba.”

Mun yi azahar a inuwar fiffikensa. Na buɗe dambu da gyaɗar Goggo, Sajan ya sayo mana ruwan leda mai sanyi, muka ci tare. Ni dai ban ji ɗanɗanon komai ba.

Bangon sunaye

Na so mu kama hanya, amma Sajan ya ce ba a zuwa nan a tafi ba a gaishe da masu wurin ba. Ya kai mu wani ɗan lambu mai shara tsaf. Akwai bango na baƙin dutse an sassaƙa sunaye, a gefensa kuma ɗaki mai hotuna da huluna da tsofaffin takalma a cikin gilashi. Ya ce waɗannan su ne suka tashi ba su sauko da rai ba. A nan muryarsa ta ragu da kanta.

Inna ta ce a nuna mata wanda ke zaune a cikin mai bakin tarwaɗa. Ya ce ba shi da tabbas, amma ga waɗanda suka tuƙa irinsa. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya da ido, ta tsaya a kan wani yaro mai manyan kunnuwa, hular ta yi masa yawa, gashin bakinsa bai gama fitowa ba. Ta ce wannan ko jikanta Auwalu bai kai ba. Ta ce in karanta mata sunansa, tunda ina zuwa makarantar yamma ana cin kuɗin littafi.

Na matsa. Na iya karatuna daidai gwargwado, a hankali nake yi amma ina isa. Na haɗa baƙaƙen a zuci, na buɗe baki, sai na rufe. Sunan maigidana ne.

Ku da kuke karanta wannan kun san halin da na shiga. Tun ranar da aka ɗaura mana aure sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. A asibiti ma in an tambaye ni sunan miji, biro nake karɓa in rubuta. Balle a gaban uwarsa. Na tsaya ina kallon hoto.

Sajan ya ɗauka karatun ne ya gagare ni. Cikin tausayi ya ce kada in ji kunya, kowa da haka ya fara. Ya sa yatsa a ƙarƙashin rubutun ya bi da ni baƙi bayan baƙi, sannan ya kira sunan da muryar fareti. Ya ce in maimaita. Na yi shiru. Ya sake kira. Ya juya ga Inna ya ce, “Mama, ke faɗa mata ta ji, suna ne mai sauƙi.” Inna ta ɗaga kai tana nazarin silin. Ni ina nazarin yatsun ƙafata. Ya kira na uku, ya ga mata biyu sun zama gumaka, sai ya dube ni, ya dubi Inna, ya sauke yatsansa. Ɗan ƙasar nan ne, ya gane. Ya ce a yi masa aikin gafara.

Mun fito muka zauna a kan benci gaban bangon. Can Inna ta tambayi inda aka binne yaron. Sajan ya ce ba a same shi ba, ya tashi da safe ne, aka jira har man da ke cikin jirginsa ya isa ya ƙare, aka ci gaba da jira. Ta ce ɗan fari ne? Ya ce bai sani ba. Ta ce da irin sunan nan da irin kunnuwan nan, ɗan fari ne.

Ta juya carbi a hannu ba tare da ta ja ba. Ta ce, ba da ni take ba kuma ba da Sajan ba, “Wataƙila uwarsa ba ta taɓa kiransa ba ko sau ɗaya. Tana cewa akwai lokaci.”

Bayan wani jim ta ce ƙuruciya ce ta sa shi saukowa kan dawa, yara haka suke in an ba su abin hawa, ta yafe ƙwaryar. Sajan ya sake ƙamewa, ta ce ya zauna haka nan kada gwiwarsa ta kama. Sai ta shiga yi masa tambayoyi kamar mai cinikin akuya. Hanyar Makka ana harbi? Ya ce ba a yi. Mai tuƙin yaro ne ko babba? Ya ce masu furfura ake ba wa. Yana bi ta kan gonakin mutane? Ya ce can sama yake bi, ko tsuntsu ba ya kaiwa. Akwai makewayi? Ya ce akwai, har da ruwa. Ana barin mutum da butarsa? Ya ce wannan sai ta tambayi malaman bita. Ta ce hm. Ni kuma ban kuskura na tambaye ta abin da ta yanke ba. Ta juye sauran dambun a leda ta ba Sajan ya kai wa iyali, ya raka mu har bakin ƙofa. Sojan ɗazu ya leƙa jaka ya ga ƙunshin yana nan, ya ce ai ya faɗa.

Gida

Keke ɗaya muka hau har ƙofar gida, direban kuma Allah ya haɗa mu da miskili. Muna tafe wani jirgi ya wuce ta sama. Na saci kallon Inna. Ta ɗan sunkuya, amma ta leƙa ta gefen labule ta bi shi da ido har ya shige gajimare.

Ana shirin magariba muka iso. Maigida yana tsakar gida yana goge takalmin da na san tun safe a goge yake. Ya yi wa iska sannu da zuwa. Inna ta wuce shi ta ajiye jaka, ta zauna a kan tabarma ta fuskanci randa.

Ta ce, “Asabe, ki faɗa wa mutumin nan ya nemo mini takalmi mai taushi. An ce ɗawafi akwai tafiya.”

Hannunsa ya tsaya a kan takalmin. Na buɗe baki zan miƙa saƙo kamar kullum, ta ɗaga mini hannu alamar ba ta gama ba.

Ta ce, “Akwai wani yaro da na gano yau, ba shi da kabari, ina so in yi masa addu'a a gaban Ɗakin Allah. Addu'a kuwa sai da suna. In na je can zan kira shi da bakina. Kira ɗaya ya ishe su su biyu.”

Wannan ban miƙa ba, don ya riga ni isa. Bai san wane yaro ake nufi ba sai daga baya da na ba shi labari, amma ya san waye na biyun. Ya ajiye burushi, ya ce bari ya je masallaci, ya fita da takalmi ɗaya a goge ɗaya a hannu. Da ya dawo ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Abin da ya rage shi ne tukunya. Washegari Inna ta aike ni in karɓo. Talatu mai waina ta ce ita da asuba aka ba ta kyauta, da hawaye, a gaban shaidu, kuma har ta jiƙa shinkafa a ciki. Sai da aka yi zaman sulhu a zaure, aka daidaita a kan tukunya ta dawo, Talatu kuma tana da dabino da ruwan zamzam da zoben Makka in an sauko.

Inna ta je bita, ta zauna a sahun gaba, ta tambayi zancen buta har sau biyu. Likkafanin ya koma ƙasan akwati. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Maman Joy da mijinta, da Goggo Hanne da ɗumamenta, da Sajan Danladi, Allah ya ƙara masa lafiyar kunne. Yaran nan da ke jikin bango kuma, waɗanda na iya karanta sunayensu da wanda na kasa faɗa, Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu ladan jira.